Na rubuta a takardar W-4 cewa kada a cire mini haraji: mene ne hukuncina a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina New York da girin kad, wato katin zama na dindindin, ina aiki a wani babban ɗakin ajiyar kaya, albashina na shekara yana kai dala 52,000. Matata da 'ya'yana uku suna Kano, ina kan yi musu takardun zuwa. Da na kama aikin, sai na sa yaran uku a takardar W-4. Daga baya wani abokin aiki ya ce in rubuta Exempt, wato kada a cire mini haraji, na 'yan watanni don kuɗin hannuna ya ƙaru, wai kowa haka yake yi. Na rubuta, yau wata bakwai ban canza ba. Yanzu an ce mini akwai tara, har da ɗauri. Gaskiya ne? Kuma zai taɓa maganar zamana ɗan ƙasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya aka gaya maka, tarar tana nan a rubuce, ɗaurin ma yana nan. Amma yadda ka kwatanta lamarinka, ba ɗaurin ne ya kamata ya hana ka barci ba. Abin da ya fi kusa da kai shi ne bashin haraji na dala dubu huɗu da ɗoriya da yake taruwa a kanka, kuma muddin shekara ba ta ƙare ba, kusan duk gyaran yana hannunka. Cike wa mutane takardun haraji ne sana'ata a nan, kuma irin wannan shawara ta abokin aiki tana yawo ƙwarai a tsakanin 'yan uwanmu, musamman idan Sallah ta gabato ko aka taso mutum da wata hidima daga gida.

Mu fara da abin da takardar take yi, don a nan mutane suke ruɗewa. W-4 ba ta ƙara maka haraji, ba ta kuma rage maka ko sisi. Harajin shekara ana lissafa shi ne a takardar 1040 da ake turawa kafin 15 ga Afrilu. Ita W-4 umarni ce kawai da kake ba wurin aikinka: ga abin da za a riƙa cire mini a kowane albashi ana tura wa gwamnati kafin ranar lissafi. Wanda ya taɓa aikin albashi a Najeriya ya san tsarin PAYE, to kusan shi ne, sai dai a nan an bar wa ma'aikaci ya faɗi halin da yake ciki da bakinsa, aka kuma sa shi ya sa hannu ƙarƙashin rantsuwa. Tun 1943 Amurka take karɓar haraji ta wannan hanya. Saboda haka kuɗin da ka ga ya ƙaru a albashinka wata bakwai ɗin nan ba riba ba ne. Kamar ɗan adashi ne da ya daina zubi alhali ya riga ya kwashi nasa, uwar adashi ba ta manta da shi ba.

Mutane har yanzu suna cewa "na sa 9", "na sa 10". Wannan maganar tsohuwar takarda ce. Kafin 2020, ma'aikaci yakan rubuta adadin guraben rangwame da yake da su, ɗaya don kansa, ɗaya don mata, ɗaya don kowane yaro, kuma kowane gurbi yana ɓoye wani yanki na albashi daga cirar haraji, dala 4,200 a shekarar 2019. Dokar haraji ta 2017 ta dakatar da rangwamen da ake yi a kan kowane mutum, sai hukumar harajin Amurka, IRS, ta sake fasalin takardar daga 2020. Yanzu babu gurbi, sai matakai biyar: matsayin aurenka, ko kana da aiki fiye da ɗaya, kuɗin da kake sa ran za a rage maka saboda 'ya'ya da waɗanda kake ɗauke da su, sauran kuɗin shiga da ragi, sai sa hannu. Takardar ta canza, dokar hukunci ba ta canza ba.

Hukuncin kashi biyu ne, kuma akwai nisa tsakaninsu.

Na farko yana sashe na 6682 na kundin dokokin harajin tarayya. Tarar kuɗi ce, dala 500, ba shari'ar laifi ba. Sharuɗɗa biyu ne ke jawo ta: ka faɗi wani abu a takardar da ya sa aka rage abin da ake cire maka, kuma a lokacin da ka faɗe shi ba ka da wani dalili mai kama hankali. Ka lura da "a lokacin". Ba a duba yadda shekara ta ƙare, ana duba abin da ka sani ranar da ka sa hannu. Mutumin da ya yi lissafi da gaskiya, ya zaci zai ci gaba da zama da yaransa duk shekara, sai aure ya mutu a watan Yuli yaran suka bi uwarsu, wannan ba maƙaryaci ba ne, illa dai doka ta ba shi kwana 10 ya kai sabuwar takarda. Ba a bukatar a tabbatar cewa ka yi niyyar cuta kafin a ɗora wannan tara, rashin dalili ya wadatar. Tarar a kan kowace takarda take, don haka wanda ya cike biyu na ƙarya yana iya ganin dala 1,000. Kuma IRS ba ta bin doguwar hanyar da take bi idan tana ƙara wa mutum haraji, inda ake ba shi kwana 90 ya kai ƙara Kotun Haraji kafin a rubuta bashin. Wannan ɗorawa take yi kai tsaye ta aiko da takardar biya. A da dala 50 ce, a 1981 aka mai da ita 500, lokacin da masu adawa da biyan haraji suka yawaita suna cike takardun banza, kuma tun daga nan ba a ƙara ba.

A cikin sashen akwai wata ƙofa da ta shafe ka kai tsaye. Hukumar tana da ikon yafe tarar, duka ko wani ɓangare, idan a ƙarshen shekara abin da aka cire maka da abin da ka biya da kanka da sauran rangwamen da ka cancanta sun kai yawan harajin da ke kanka. Wato wanda ya cike ramin kafin shekara ta rufe yana da hujja mai ƙarfi. Zan dawo kan yadda ake cike shi.

Na biyu yana sashe na 7205, shi kuma laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotun tarayya. Duk ma'aikacin da ya ba wurin aikinsa bayanin ƙarya da gangan, ko da gangan ya ƙi ba da bayanin da zai sa a ƙara yawan abin da ake cire masa, ana iya cin sa tara har dala 1,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun. Dubu ɗayan nan ita ce a rubuce a sashen, amma wata dokar tarayya ta daban da ta shafi tarar laifuka gaba ɗaya ta ba alƙali damar kai ta har dala 100,000 a laifi mai wannan nauyi. Kalmar da komai ya rataya a kanta ita ce ganganci. Dole masu gabatar da ƙara su gamsar da masu taya alƙali yanke hukunci cewa ka san abin da doka ta ɗora maka, ka take shi da saninka. Kuskure, rashin fahimta, har sakaci ma, ba su kai nan ba.

To, ina abubuwa biyun da ka rubuta suka faɗa?

Maganar Exempt tana da sharuɗɗa biyu kuma dole su haɗu: bara ba ka da harajin tarayya ko kaɗan a kanka, bana ma ba ka sa ran za ka samu. Ba ana nufin an maido maka da rarar kuɗi bara ba. Mutane da yawa suna cewa "ai bara su suka biya ni", alhali abin da ya faru shi ne an cire musu dubu biyar, harajinsu dubu huɗu, aka maido dubu ɗaya. Wannan yana da haraji a kansa. An yi tanadin ne don irin ɗalibin da ke aikin hutu yana samun abin da bai kai ma'aunin biyan haraji ba. Mai albashin dala 52,000 da ba shi da yara a gabansa ba ya shiga ciki, kuma babu wani abu a doka mai suna "Exempt na 'yan watanni". Abokin aikinka da ya ce kowa yana yi bai yi ƙarya a kan yawan masu yi ba, amma "wani ne ya ce in yi" ba ya cikin dalilan da hukumar ke karɓa.

Maganar yaran ta fi ban tausayi, don na tabbata ba da mugun nufi ka sa su ba. 'Ya'yanka ne, kai kake ci da su, kai kake biyan kuɗin makaranta, kowane wata kana turawa. A hankalce babu wanda ya fi su cancanta. Amma dokar Amurka ba nauyin da ke wuyanka take aunawa ba. Kafin a ba ka rangwamen yaro, wanda ya kasance dala 2,000 daga 2018 zuwa 2024 ya koma 2,200 a 2025, dole yaron ya kasance ƙasa da shekara 17, ya zauna tare da kai fiye da rabin shekara, yana da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa, kuma ɗan ƙasa ne ko mazaunin Amurka. Yaro a Kano da bai taɓa shigowa ba ya faɗi uku daga cikin huɗun. Ƙaramin rangwamen dala 500 na sauran waɗanda ake ɗauke da su ma haka yake, sai ɗan ƙasa ko mazauni. Iyaye da ƙanne da ke gida duk ba sa shiga, komai yawan abin da kake aika musu. A ganina wannan ƙa'ida tana danne baƙi masu iyali a waje, amma ita ce a ƙasa.

Ga abin da ya kamata ka gani a lissafi. Da ma'aunin shekarar 2024, mai aure da ke tura takardarsa shi kaɗai ana fara cire masa dala 14,600 daga albashi, saura 37,400. Dala 11,600 na farko ana karɓar kashi 10 cikin 100, wato 1,160. Sauran 25,800 ana karɓar kashi 12, wato 3,096. Jimla dala 4,256 a shekara, kusan dala 164 a kowane albashin mako biyu. Yara uku a mataki na uku na takardar sun gaya wa na'urar biyan albashi cewa za a rage maka dala 6,000, wanda ya haura harajinka gaba ɗaya. Ma'ana, tun kafin ka rubuta Exempt, mai yiwuwa ba a cire maka harajin tarayya ko kaɗan. Ka ɗauko takardun albashinka ka duba layin harajin tarayya. Kada ka ruɗe da sauran abubuwan da ake cirewa, kashi 6.2 na Social Security da kashi 1.45 na Medicare suna nan daram ko me ka rubuta, W-4 ba ta taɓa su.

Wannan ya kawo wata tambaya da ba ka yi ba, kuma ta fi wadda ka yi muhimmanci: a shekarun baya, me aka rubuta a takardarka ta 1040? Idan yaran sun tsaya a W-4 kawai, ka zo Afrilu ka biya abin da ke kanka, to lamarin da sauƙi. Idan kuma wani mai cike takardu ya sa maka yara a 1040 ɗin, musamman irin masu ɗauko lambar yaron wani su manna wa mutum don kuɗin da za a maido ya yi kauri, to an shiga wani babi. A nan akwai tarar kashi 20 cikin 100 ta sakaci, ko kashi 75 idan an tabbatar da zamba, ana iya hana mutum rangwamen yara shekara 2 ko shekara 10, kuma sa hannu a takardar haraji ta ƙarya da gangan babban laifi ne a sashe na 7206, mai ɗaurin da ya kai shekara 3. Kai ka sa hannu, kai ke da alhaki, ko da wani ne ya cike. Ana gyara irin wannan da takardar 1040-X, kuma gara ka riga su.

Yanzu abin da ke faruwa a zahiri. Ba kasafai ake kai ma'aikaci kotu a kan W-4 ita kaɗai ba, ita tarar 500 ɗin ma ba kowa ake ɗora wa ba. Kafin 2005, wurin aiki dole ne ya aika wa IRS duk takardar da aka rubuta gurabe fiye da 10, ko aka nemi kada a cire komai alhali albashin mako ya wuce dala 200. An daina wannan, saboda hukumar ta gane ba ta bukatarsa. Kowane watan Janairu wurin aikinka yana tura takardar W-2 mai nuna abin da aka biya ka da abin da aka cire, kwamfuta kuma tana iya ware duk wanda albashinsa ke da kauri amma cirarsa sifiri ce, ga bashi ko ga shekarun da bai tura takarda ba. Abin da hukumar takan yi wa irin waɗannan shi ne wasiƙar kullewa. Wani lokaci sukan fara da gargaɗi mai lamba 2802C, su ce ka gyara da kanka. In ba ka gyara ba, sai wasiƙa mai lamba 2800C ta tafi wurin aikinka, kai kuma a aiko maka 2801C. Wasiƙar tana umartar ofishin biyan albashi ya yi watsi da W-4 ɗinka ya riƙa cirewa yadda hukumar ta tsara, galibi a matsayin mara aure da ba shi da wani rangwame, wato mafi tsanani. Akwai kwana 60 kafin umarnin ya fara aiki, kafin wa'adin da aka ba ka ya cika kana da damar kiran lambar da ke wasiƙar ka kawo hujjojinka. Da zarar ya fara, wurin aikinka ba shi da ikon sassauta maka ko da shugaban wurin amininka ne, don in ya sassauta shi za a bi bashin. Sabuwar W-4 da za ka kawo ba za a karɓa ba sai in ƙarin cira ta nema. Ana iya neman a cire mutum daga tsarin bayan ya yi shekara uku a jere yana tura takarda yana biya a kan lokaci. Na fi jin tsoron wannan wasiƙa ga mai iyali fiye da tarar, don ranar da matarka da yaranka suka iso ka cancanci rangwamensu da gaske, sai ka nemi izinin hukuma kafin a rage maka cira.

Waɗanda suke ƙarewa a gaban alƙali kusan kullum labarinsu iri ɗaya ne: takardar ƙarya, sannan shekaru ba a tura 1040 ba. Rashin tura takarda shi kaɗai ƙaramin laifi ne. Don ya zama kaucewa biyan haraji a sashe na 7201, mai ɗaurin shekara 5, dole a nuna mutum ya aikata wani abu da hannunsa don ɓoyewa, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sun sha yanke cewa W-4 ta ƙarya ta isa zama wannan abu. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta John Cheek, matuƙin jirgin sama a kamfanin American Airlines. Yana tura takardunsa lafiya har 1979, amma tun 1978 yake halartar tarukan masu cewa albashi ba kuɗin shiga ba ne kuma harajin ya saɓa wa tsarin mulki. Ya daina turawa, ya riƙa ƙara guraben rangwame har ya kai 60 a tsakiyar 1980, daga 1981 zuwa 1984 kuma ya rubuta cewa kada a cire masa komai. Aka kama shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. A watan Janairun 1991 kotun ta ce idan mutum da zuciya ɗaya ya fahimci doka a karkace, ko da fahimtar ba ta da ma'ana a idon wasu, to ba a ce ya yi da gangan ba, amma wanda ya san dokar ya ce bai yarda da halaccinta ba, wannan ba kariya ba ce. Masu ba da shawarar bakin titi sukan tsaya a nan su ce ai Cheek ya ci nasara. Ba sa ƙarasawa: an sake yi masa shari'a, aka sake samun sa da laifi, ya shiga kurkuku. Hukuncin kuma bai taɓa yafe wa kowa harajin kansa ko tarar kuɗi ba. Akwai abin da ya shafe ka a ciki. Wata bakwai da suka wuce kana iya cewa ba ka sani ba, daga yau ba za ka iya ba, don haka kowane albashi da ya ƙara wucewa a kan tsohuwar takardar yana raunana matsayinka.

Idan ka bar shekarar ta ƙare a haka, ga abin da zai hau kan dala 4,256 ɗin. Akwai tarar ƙarancin biya a cikin shekara, wadda a gaskiya kuɗin ruwa ce, kashi 8 cikin 100 a 2024, kashi 7 a farkon 2025, a naka lissafin kusan dala 200. Ana kuɓuta daga gare ta idan abin da ya rage a kanka bai kai dala 1,000 ba, ko an cire maka kashi 90 na harajin bana, ko daidai da harajin bara gaba ɗaya. Idan Afrilu ta zo ka tura takarda amma ba ka da kuɗin biya, tarar rabin kashi ɗaya ce a wata, kusan dala 21, da kuɗin ruwa. Idan kuma tsoro ya sa ka ƙi turawa kwata-kwata, kashi 5 ne a wata, fiye da dala 200, har ya kai kashi 25. Ninki goma ke nan. Shi ya sa nake gaya wa kowa, ko aljihunka babu komai, ka tura takardar a kan lokaci sannan ka nemi biya kaɗan-kaɗan, ta intanet ko da takarda mai lamba 9465. Bashin da bai wuce dala 50,000 ba ana raba shi a riƙa biya wata-wata ba tare da dogon bincike ba.

Maganar zama ɗan ƙasa. Tarar dala 500 ba hukuncin laifi ba ce, ba ta sa mutum cikin masu tarihin laifi. Amma takardar neman zama ɗan ƙasa, N-400, tana tambaya ko ana bin ka bashin haraji da ya wuce lokaci, jami'in kuma yana auna kyawun halinka a shekaru biyar da suka gabata, kuma yakan nemi bayanan harajinka. Wanda ke da bashi amma ya zo da yarjejeniyar biya da shaidar yana biya, galibi yakan wuce. Wanda bai tura takardu ba, ko takardunsa na haraji suka nuna yara uku suna zaune da shi a unguwar Bronx ta New York alhali takardun shige da fice sun nuna yana neman a kawo su daga Kano, shi ne ke shiga tsaka mai wuya. Ka tuna kuma kai za ka tsaya wa iyalinka da takardar ɗaukar nauyi ta I-864, wadda ake haɗawa da bayanan harajin shekarar da ta gabata. A can ƙarshen tsanani akwai shari'ar Kawashima, miji da mata 'yan Japan masu girin kad da ke harkar gidan abinci a Kalifoniya. A 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa laifin takardar haraji ta ƙarya da ya jawo wa gwamnati asarar fiye da dala 10,000 yana cikin manyan laifukan da ake korar baƙo a kansu. Kai ba ka kusa da nan in dai matsalar ta tsaya a W-4, amma in akwai yaran bogi a 1040 na shekaru da dama, ka ga lauyan shige da fice da ya san haraji kafin ka tura N-400.

Abin yi kuwa, gobe ka shiga ofishin ma'aikata ko shafinsu ka cike sabuwar W-4. Ba sai ka yi wa kowa bayani ba, ma'aikaci yana da damar canza ta duk lokacin da ya so, kuma ban ba ka shawarar tsayawa kana ba ma'aikacin ofis labarin cewa tsohuwar ƙarya ce ba, ba aikinsa ba ne. Ka bar mataki na uku babu komai, ka cire Exempt. Sai ka ƙirga albashi nawa suka rage a shekara, ka raba giɓin a kansu, ka rubuta adadin a layin 4(c) na ƙarin cira. A nan doka ta yi wa mai albashi wani gata da ba kowa ya sani ba: duk abin da aka cire daga albashi ana ɗaukarsa kamar an biya shi daidai wa daida tun farkon shekara, ko da a Disamba aka cire. Don haka cirar ƙarshen shekara tana goge tarar ƙarancin biya, tana kuma buɗe maka ƙofar yafewar nan ta sashe na 6682. Biya kai tsaye ta shafin IRS ma yana rage bashin, amma shi ana lissafa shi ne daga ranar da aka biya. Albashin zai yi zafi na 'yan watanni, gara ka sanar da mutanen gida tun yanzu. In kana da aiki na biyu, ko kana tuƙin Uber a ƙarshen mako, ka sa shi cikin lissafi, don wannan babu mai cire maka komai. Hukumar tana da na'urar ƙiyasin cira kyauta a shafinta, akwai kuma cibiyoyin VITA da ke taimaka wa masu matsakaicin albashi ba tare da karɓar kuɗi ba.

Kada ka manta da jiha. New York tana da tata takardar, IT-2104, wadda har yanzu take amfani da tsohon tsarin gurabe, kuma a jikinta an rubuta tarar dala 500 a kan bayanin ƙarya da ya rage cira. Mazaunin birnin kuma yana da harajin birni a kan na jiha. Kalifoniya ma haka take da tata DE 4. Waɗanda ke Texas ko Florida ne ba su da wannan ciwon kai, don babu harajin albashi na jiha a can. Ɗalibanmu masu bizar F-1 da za su karanta wannan, ku naku ya bambanta: a shekaru biyar na farko galibi ba a ɗauke ku mazauna a fannin haraji ba, ba ku da damar rubuta Exempt a W-4 ko kaɗan, kuma babu yarjejeniyar harajin kuɗin shiga tsakanin Amurka da Najeriya, Nijar ko Gana da za ku fake da ita.

Akwai hanyar halal da za ta rage maka harajin da gaske, wadda abokin aikinka bai sani ba. Doka ta yarda mazaunin Amurka da matarsa ke waje su zaɓi a ɗauke ta a matsayin mazauniya a fannin haraji, su tura takarda ɗaya a matsayin ma'aurata. Ana haɗa rubutacciyar sanarwa da ku biyu kuka sa wa hannu, a nema mata lambar biyan haraji ta ITIN da takardar W-7 tare da fasfonta ko kwafin da hukumar da ta ba da shi ta tabbatar. Sharaɗin shi ne duk abin da take samu a duniya zai shiga lissafi, don haka in tana da babban kasuwanci a Kano sai a auna tukuna. In ba ta da wani kuɗin shiga mai yawa, da ma'aunin 2024 za a cire muku dala 29,200 maimakon 14,600, saura 22,800 duk a kashi 10, harajin ya dawo dala 2,280. Ragin kusan dala 2,000 ke nan a shekara, kuma ana iya komawa a gyara shekarun baya, galibi har uku, a karɓo rarar da aka biya. Neman lambar yakan ɗauki makonni da dama, ya fi daɗewa a lokacin cunkoson haraji, don haka ka sa ta fara shirya fasfo tun yanzu, kuma kada ka zaɓi matsayin ma'aurata a sabuwar W-4 sai kun tsai da shawarar bin wannan hanya.